Karkacewar ƙashin baya: a hannun wa ya kamata yaro ya kasance?



Akwai wata cuta wadda ba ta kwantar da yaro, ba ta sa masa zazzaɓi, ba ta kuma hana shi cin tuwo ko zuwa lakwal, saboda haka ne ba a cika gaggawar neman maganinta ba sai ta riga ta yi nisa. Ita ce karkacewar ƙashin baya, wadda lokotoro ke kira skoliyoz da Faransanci. Mafi yawan lokaci tana bayyana ne tsakanin shekara 10 zuwa 15, sa'ad da yaro ke miƙewa, kuma ƴan mata ta fi wahalarwa. Sau da yawa uwa ce ke fara lura cewa kafaɗar ɗiyarta ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo, ko kuwa tela ya auna riga sau biyu ya ga gefe guda yana sauka. Daga ranar ne iyaye ke shiga yawo: yau wajen mai ɗori, gobe wajen wanzami, jibi gidan likita na unguwa, gata kantin magani inda za a sayar musu da ɗamarar ƙugu. Kowa ya taɓa, kowa ya faɗi tasa, amma babu mutum guda da za a nuna a ce shi ne ke riƙe da al'amarin wannan yarinya. Abin da nike so mu duba tare ke nan, kuma ra'ayina a kansa ba ɓoyayye ba ne: ragamar wannan jinya ta kasance a hannun lokotoron ƙashi wanda ya saba da yara, tun daga hoton farko har ranar da girma ya tsaya, sauran ma'aikata kuwa su yi aikinsu a ƙarƙashin shawararsa.

Kafin mu je ga dalili, sai mun gyara magana, domin harshenmu ya haɗa abubuwa da dama cikin suna guda. Idan Bahaushe ya ga baya ya fito, sai ya ce doro ko ƙusumbi, shi ke nan. Alhali kuwa abin da ido ke gani iri ɗaya yana iya fitowa daga cututtuka dabam dabam, waɗanda maganinsu bai ko yi kama da juna ba. Gadon bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora bisa juna kamar tubali: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu. Idan aka dubi mai lafiya ta baya, jerin nan a miƙe yake. A cikin skoliyoz jerin yana lanƙwashewa gefe, sa'an nan kowane ƙashi yana murɗawa a kan kansa, yana jan haƙarƙari tare da shi. Wannan murɗawar ce ke fitar da tudu a gefe guda na baya. Babu ƙashin da ya karye, babu wanda ya goce daga mazauninsa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu wannan karkacewa ba a gano musababbinta ba har yanzu, sai dai an lura tana bin dangi. Ɗaukar tulu a ka bai haddasa ta, goyon ƙane bai haddasa ta, jakar littattafai ko zaman benci ma haka, don haka kada a zargi uwa da cewa ita ta lanƙwasa ɗiyarta da aiki.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna yara 2 ko 3 cikin 100 na masu tasowa suna da ita. Yawancinsu karkacewar ƙarama ce, ba za ta taɓa damunsu ba har tsufa. Kaɗan ne daga ciki tasu ke ƙaruwa, kuma a cikin waɗannan kaɗan ƴan mata sun ninka maza sau da yawa. Dukan wahalar aikin tana nan: a gane wace yarinya ce za a bari a sa ido kawai, wace ce kuma za a tashi tsaye a kanta tun lokaci bai ƙure ba. Wannan rarrabewa ba da ido ake yin ta ba, da awo ake yi.

Awon kuwa yana da ƙa'ida tun 1948, shekarar da wani lokotoron ƙashi na Amurka mai suna John Cobb ya bayyana yadda ake auna kusurwar lanƙwasa a jikin hoton ƙashi, wanda muka fi sani da radiyo. Ana ɗaukar hoton ne yaro yana tsaye, dukan gadon bayan ya fito, sa'an nan a ja layi bisa ƙashin da ya fi karkata a sama, a ja wani ƙarƙashin wanda ya fi karkata a ƙasa, a karanta kusurwar da ke tsakaninsu. Idan ba ta kai digiri 10 ba, ba a ma kiranta skoliyoz. Daga 10 zuwa wajen 20 ko 25, sa ido ake yi, a sake dubawa bayan wata 4 zuwa 6. Daga 25 zuwa 40, in yaron bai gama girma ba, ana sa masa korse, wato wata riga mai tauri ta roba da ake ƙerawa daidai jikinsa. Idan ta haura 45 ko 50, maganar aikin fiɗa ta taso. A cikin hoton nan kuma lokotoro yana duban bakin ƙashin ƙugu don ya san sauran girman da ya rage wa yaron, bisa ma'aunin da Joseph Risser ya tsara, daga 0 zuwa 5. Yarinya mai digiri 25 wadda ke kan 0 kuma ba ta fara ganin al'ada ba tana cikin haɗari sosai, domin duk girmanta yana gaba. Wata mai digiri 25 ɗin nan dai, amma tana kan 4, shekara 2 da fara al'adarta, kusan ta tsallake. Lamba guda, hukunci biyu. To, wa aka koya wa haɗa waɗannan abubuwa ya yanke shawara? Lokotoron ƙashi ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ƙara nuna amfanin hannu guda. Mutum biyu masu ilimi, idan suka auna hoto guda, sakamakonsu yana iya bambanta da digiri 5. Saboda haka ba a cewa karkacewa ta ƙaru sai bambancin ya wuce wannan. Idan yau an ɗauki hoto a wannan gari yaro yana kwance, bayan wata 6 aka ɗauka a wancan gari yana tsaye, na farko kuma ya ɓace cikin akwati ko zafi ya lalata shi, babu abin da za a kwatanta, an kashe kuɗi kuma an haska jikin yarinya a banza. Hasken radiyo ba abin wasa ba ne ga jiki mai girma, musamman ƙirjin ɗiya mace, shi ya sa masana suke son a haska ta baya, kuma kada a yawaita ba tare da dalili ba. Mai riƙe da dosiye shi ne zai ce yanzu lokacin hoto ya yi, ko kuwa a dakata.

Ko sunan sana'ar ma shaida ne. Kalmar ortopedi, wadda ake kiran ilimin gyaran ƙashi da ita, wani malamin likita na Paris mai suna Nicolas Andry ne ya ƙirƙiro ta a 1741 daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin miƙaƙƙe, ɗaya na nufin yaro. A cikin littafinsa ya sa zanen ɗan icce karkatacce da aka ɗaure jikin turke, kuma har yau wannan zane ne alamar lokotorin ƙashi a ƙasashe da yawa. Mu ma mun daɗe da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wato tun asalinta, wannan sana'a saboda karkataccen yaro aka raɗa mata suna, gyaran karayar manya daga baya ya mamaye ta.

Amma babban dalilin da ya sa nike dagewa, a ƙasa irin tamu, shi ne tarin fuka. Ƙwayar wannan cuta ba huhu kaɗai take ci ba, tana shiga ƙashin baya ta rarake shi har ya rufta, sai doro mai tsini ya fito a tsakiyar baya. Wani lokotoron Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi a 1779, shi ya sa a gidan likita za ku ji ana cewa mal de Pott. Yaro mai wannan ciwo yana kukan baya, musamman da dare, yana ramewa, yana zufa, jikinsa na ɗumi da yamma, wani lokaci ƙurji ya fito a ƙugu ko a cinya. Idan aka bar shi, ruɓar tana danne lakar da ke cikin ƙashin baya, ƙafafu su mutu, fitsari da bayan gida su kuɓuce. Maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne da ake sha watanni masu yawa, har kusan shekara, kuma idan an fara da wuri ana warkewa. Yanzu ku yi tunanin yaron da ke da wannan ciwo, aka ce masa doro ne, aka kwantar da shi ana dannawa da hannu ko da ƙafa don a maida ƙashi. Ƙashin da ya riga ya rube ne ake dannawa, laka kuwa tana bayansa. Abin da ya kamata kowane uba ya riƙe shi ne, skoliyoz ta ƴan mata masu tasowa ba ta cika zuwa da ciwo mai tsanani ba. Duk bayan da ya karkace yana kuma ciwo da dare, ko da zazzaɓi, ko da rama, ko da sanyin ƙafa, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti cikin mako.

Ban da tarin fuka akwai wasu. Shan inna ya bar mana mutane da yawa da baya karkatacce, domin naman da ke riƙe gadon baya ya mutu a gefe guda. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Akwai jaririn da aka haifa da rabin ƙashi a gadon baya. Akwai yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haifuwa. Akwai kuma wanda bayansa lafiya lau yake, ƙafarsa ɗaya ce ta gajarta, ko don tsofuwar karaya, ko don amosanin jini ya ci kan ƙashin cinya, sai ƙugu ya karkata, baya ya bi shi. Wannan na ƙarshe, da zarar ya zauna ko aka sa masa katako ƙarƙashin gajeruwar ƙafar, bayan sai ya miƙe, kuma abin da yake bukata ƙarin tsawo ne a takalmi. Wanda bai san waɗannan hanyoyi duka ba yana iya sa wa mai bukatar takalmi korse, ya ba mai bukatar ƙwayoyin tarin fuka man shafawa.

Masu ɗori mutane ne da jama'a ta amince da su tun kaka da kakanni, kuma ba na cikin masu raina su. A ƙauyukan da asibiti ke da nisan yini, su ne ke kama hannun da ya karye. Sai dai sana'arsu ta haɗa abin da ya rabu ce, a nan kuwa babu abin da ya rabu. Ƙashin da ke girma a murɗe, gefensa ɗaya yana fin ɗaya kauri, ba ja ko danna na rabin sa'a ne zai sake masa siffa ba. Haka tsaga da ƙaho da lalas: suna barin tabo a fata, ƙashi kuwa yana can yana tafiyarsa. Kada kuma a ɗauka wannan magana ta tsaya ga namu na gargajiya. A Turai da Amurka akwai masu sana'ar murɗa gadon baya da hannu, suna da ofis da takardar shaida, amma babu wani bincike tabbatacce da ya nuna cewa murɗawarsu tana tsaida skoliyoz. Asarar da ake yi a wajensu da wajen namu iri ɗaya ce, asarar watanni. Yarinya tana da shekara 2 ko 3 kacal na saurin girma, a cikinsu ne korse ke da amfani. Idan aka cinye su wajen yawo, ranar da za a iso gaban lokotoron ƙashi sai ya ce ƙofar korse ta rufe.

Shi kuwa korse, an daɗe ana gardama a kansa tsakanin masana, wasu na cewa wahalar da yara kawai ake yi. A 2013 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada ƙarƙashin jagorancin lokotoro Stuart Weinstein na jami'ar Iowa, a kan yara 242. Cikin waɗanda suka sa korse, kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba tare da karkacewar ta kai digiri 50 ba. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kashi 48 ne. Waɗanda suka sa shi sama da awa 13 kowace rana, wajen 9 cikin 10 sun tsira daga wannan iyaka. Bambancin ya fito fili har aka tsaida binciken kafin wa'adinsa. A lura, korse ba ya maida baya miƙaƙƙe kamar sanda, aikinsa ya hana ƙaruwa har girma ya tsaya. A lura kuma, ba ɗamarar ƙugu ta kanti ake nufi ba, wadda ake saya wa tsofaffi masu ciwon baya. Ana auna jikin yaron, a ƙera masa nasa, ya danna inda ya kamata ya danna, ya bar fili inda ya kamata jiki ya koma. Akwai samfurori da yawa, irin na Milwaukee da na Boston daga Amurka, irin na Lyon da na Chêneau daga Faransa, kuma zaɓen wanda ya dace da wurin da lanƙwasar take aikin lokotoro ne.

A nan ne maƙerin kayan gaɓoɓi yake shigowa, wanda jama'a suka fi sani da mai haɗa ƙafar roba. Makarantar ENAM ta Lome, a ƙasar Togo, ta daɗe tana horar da irin waɗannan ma'aikata domin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Idan babu hannunsa mai kyau, takardar lokotoro ba ta da amfani. Amma shi ma ba shi ne zai ce a sa ko a cire ba. Bayan ya gama ƙira, sai a sake hoto yaro yana sanye da korsen, lokotoro ya ga ko ya rage kusurwar, in bai rage ba a koma a gyara. Yaro kuma yana girma, abin da ya yi masa daidai da kaka ya matse shi da bazara. Kada mu manta da zafin ƙasarmu. A ce wa yarinyar Tawa ko ta Konni ta sa rigar roba awa 18 a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ba ƙaramar magana ba ce. Sai da rigar auduga a ciki, da huda ramuka a jikin robar, da duba fata kullum saboda ƙuraje, da haƙurin uwa, da kuma malamin lakwal wanda zai hana sauran yara yi mata dariya. Korsen da ke rataye a ƙusa bai taɓa tsaida karkacewar kowa ba.

Haka nan ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake kira kine. Akwai motsa jiki na musamman domin wannan ciwo, mafi shahara shi ne wanda wata Bajamusa, Katharina Schroth, ta fara koyarwa a 1921, ita kanta kuwa tana da skoliyoz. Yana ƙarfafa naman baya, yana koya wa yaro tsayuwa da numfashi, yana taimaka masa jure korse. Wannan aiki ne mai daraja. Abin da nike tsoro shi ne a rubuta wa yarinya zama 20 wajen kine, a gama, a ƙara 20, shekara ta wuce babu wanda ya sake auna kusurwa, iyaye kuwa hankalinsu kwance tun da dai ana wani abu. Kine na ƙwarai shi ne mai tambayar ina hoton ƙarshe, yaushe ne ranar komawa wajen lokotoro. A Faransa akwai wasu lokotori na musamman masu kula da farfaɗo da gaɓoɓi, su ne sau da yawa ke bin yaro a zamanin korse, su miƙa shi ga mai fiɗa in bukata ta taso. Inda aka samu irinsu, madalla, sharaɗin dai ɗaya ne: mai riƙe da yaron ya iya awo, ya san iyakar da in an kai ta sai fiɗa, kuma yana magana da mai fiɗar tun kafin a kai.

Fiɗar kanta babban aiki ne. Paul Harrington na birnin Houston ya fara sa sandar ƙarfe a gadon baya cikin shekarun 1950, da farko domin yaran da shan inna ya lanƙwasa. A 1983 Faransawa biyu, Yves Cotrel da Jean Dubousset, suka kawo tsarin sanduna biyu masu kama ƙasusuwa da yawa, wanda ke gyara har da murɗawar, kuma a kansa ne aikin yau ya ginu. Ana yin awoyi ana aiki dab da laka, ana bukatar jini a ajiye, da gwanin sa barci, da ɗakin farfaɗowa, da hanyar tabbatar da cewa ƙafafu suna motsi kafin a rufe. Lokotoron ƙashi ko lokotoron ƙwaƙwalwa da laka, kowanensu yana iya yi, muddin ya saba da gyaran bayan yara. Me ya sa ake ɗaukar wannan kasada? Saboda binciken da aka bi mutane shekaru da dama a Iowa ya nuna karkacewar da ta haura digiri 50 tana ci gaba ko bayan girma ya tsaya, kimanin digiri 1 kowace shekara, wadda ba ta kai 30 ba kuwa yawanci tana tsayawa. Idan ta yi tsanani a ƙirji, musamman wadda ta fara tun yaro yana ƙarami, tana matse huhu. A birnin Akara na ƙasar Gana akwai asibitin FOCOS, wanda lokotoro Oheneba Boachie-Adjei ya buɗe a 2012, inda ake kai yara masu karkacewar da ta wuce digiri 100 daga ƙasashen Afirka dabam dabam, a rataya musu nauyi a ka na tsawon watanni don bayan ya saki kafin a yi aiki. Yawancin irin waɗannan yara, da an auna su tun suna digiri 25 ko 30, da hanyarsu ta fi sauƙi.

Na san abin da mai karatu na Tanut ko Dakwaro zai ce: malam, kana magana kamar lokotoron ƙashi yana bakin kasuwa. Gaskiya ne, ƙwararrun nan kaɗan ne, kuma mafi yawansu suna Yamai da manyan biranen jihohi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 650, daga Tawa wajen 550. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki, ga hoto, ga gona da aka bari. Tsarin jinya kyauta da aka kafa a 2006 ya tsaya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, ita kuwa wannan cuta yawanci sai bayan shekara 10 take fitowa. Duk wannan haka yake. Amma riƙe ragama ba ya nufin lokotoro ya yi kome da hannunsa, ko kuma yaro ya zo gabansa kowane wata. Abin da ake bukata shi ne hukunci uku su fito daga bakinsa: wace irin karkacewa ce, me za a yi mata yanzu, yaushe za a sake dubawa. Sauran aikin ana iya sauko da shi kusa da gida.

Matakin farko ma ba ya cin ko dala. Tun 1865 wani lokotoron Landan, William Adams, ya bayyana shi: yaro ya tsaya ƙafafu a haɗe, gwiwa a miƙe, ya sunkuya hannuwa na lilo kamar mai ruku'u, mai dubawa ya tsaya bayansa ya hangi gadon bayan. Idan gefe guda ya fi ɗaya tudu, a tura shi hoto. Minti guda ya isa. Majo na kowace CSI zai iya, kowace anfirmiye da ta fito makarantar kiwon lafiya ta Yamai ko ta Damagaram za ta iya, uwa ma a ɗakinta za ta iya. Na ambaci uwa da gangan, domin daidai shekarun da cutar ke tafiya su ne shekarun da yarinya ke fara kunya, ta daina wanka a gaban kowa, ta shiga hijabi ko babban mayafi, bayanta ya ɓace wa idon gida gaba ɗaya. Ina ganin ya dace ma'aikatar kiwon lafiya da ta ilimi su haɗa kai a riƙa wannan duba ga ƴan ajin CM1 da CM2 da farkon kolej, mace ta duba mata a ɗaki rufe, namiji ya duba maza. Waɗanda ba su lakwal, kuma ba kaɗan ba ne, a sanar da iyayensu ta rediyon karkara da azuzuwan yaƙi da jahilci. Sai dai dubawa ba tare da wurin turawa ba tayar da hankali ne kawai, don haka kafin a fara sai an san sunan lokotoron da zai karɓi yaran kowace jiha.

Lokotoron asibitin gunduma shi ne gada. Shi zai tambayi tari da zazzaɓi da rama, ya auna tsawon ƙafafu, ya gwada ƙarfinsu, ya sa a ɗauki hoto a tsaye. Idan ya ga alamar tarin fuka, ya san hanyar. Idan ya ga yaron bai kai shekara 10 ba, ko tudun yana gefen hagu na ƙirji, ko akwai sanyin gaɓa, ya san wannan na bukatar bincike mai zurfi a kan laka, ya tura ba jinkiri. Sauran kuwa, hoton radiyo yau ana iya aika shi ta wayar hannu cikin minti guda, ƙwararre ya auna daga inda yake, ya maido da amsa a rubuce. Yaro mai digiri 15 ba shi da dalilin hawa motar Yamai. Sa'an nan, kamar yadda ake shirya rangadin masu fiɗa zuwa jihohi, ana iya tsaida rana biyu a shekara da lokotoron ƙashi da maƙerin korse za su sauka tare a babban asibitin jiha, a tara musu yaran da aka riga aka tantance. Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram suna yaye lokotori, kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 ya nuna cewa iyaye suna zuwa daga nesa idan sun san akwai inda ake gyara ƙafar yaro. Ya rage ga magabata su tura wasu daga cikin matasan nan su ƙware a kan bayan yara musamman, su kuma ba su dalilin zama a jiha.

Akwai wata magana da ake yi ƙasa ƙasa, gara a yi ta a fili. Wasu iyaye suna ɓoye yarinya mai karkataccen baya don kada a ji, kada ta rasa miji, wasu ma suna gaggauta aurar da ita kafin abin ya fito sosai. Su sani cewa mace mai skoliyoz irin wadda aka fi gani tana ɗaukar ciki tana haifuwa kamar sauran mata, cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ta kuma taɓa hankali. Ɓoyon ne ke cinye watannin da korse zai yi aiki a cikinsu.

Uban da ya kai ɗiyarsa asibiti, kada ya fito sai an rubuta masa a cikin karne, da lamba, digiri nawa ne kusurwar, mataki nawa take a ma'aunin Risser, wace rana za su komo, da sunan lokotoron da ke bin ta. Hotunan kuma a ajiye su cikin ambulan ɗinsu, nesa da rana da damshi, a tafi da su duka kowace komawa, har da na farkon.